Matakalan birnin Valparaiso: wa ya gina su, me ya sa ba a mai da su tituna ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga hotunan wani birni na bakin teku a ƙasar Chile mai suna Valparaiso. Gidaje manne a jikin tuddai, kuma inda ya kamata a ga titi sai matakala doguwa. Wa ya gina waɗannan matakalai, yaushe, kuma me ya hana a yi wa mutanen hanyar mota kamar sauran birane?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sarki ɗaya ko gwamnati ɗaya ta gina su ba, kuma babu wata shekara guda da za a ce a cikinta aka yi su. Ƙafafun mutane ne suka fara fitar da hanyar, ruwan sama ya nuna inda za ta iya zama da inda ba za ta iya ba, hukuma kuma ta iso daga ƙarshe da dutse da siminti. Wanda ya riƙe wannan jeri, sauran tarihin ba zai yi masa wuyar ganewa ba.

Fara da yadda Allah ya yi ƙasar wurin. Valparaiso na gaɓar tekun Fasifik, kimanin kilomita 120 daga Santiyago, babban birnin Chile. Siffar wurin kamar ƙwarya ce da aka fasa biyu, aka juya bakinta wajen teku. A gindi akwai ɗan siririn fili shimfiɗaɗɗe da mutanen gari ke kira El Plan, wanda wani sashe babba nasa ma cike teku aka yi aka samu. A bayansa tuddai fiye da 40 ne suka miƙe, kowane da sunansa da mutanensa: Cerro Alegre, Cerro Concepcion, Cerro Cordillera, Cerro Baron, Cerro Bellavista da sauransu. Tsakanin tudu da tudu akwai kwazazzabo mai zurfi da ruwa ya haƙa. Tashar jiragen ruwa, kwastan, bankuna, kasuwa da ofisoshi duk suna ƙasa. Wurin kwana kuwa, ga mafi yawan jama'a, yana sama. Don haka tun asali rayuwar garin sauka ce da safe, hawa da yamma.

Turawan Sifaniya sun iso wurin a 1536, ƙarƙashin Juan de Saavedra, amma kusan shekaru 270 garin bai wuce ɗan ƙauyen tasha ba: coci, rumbunan kaya, 'yan gidaje da sansanin bindigogi. Wajen 1810 mutanensa ba su wuce dubu biyar ba. Abin da ya tashe shi shi ne buɗe tashar ga cinikin duniya a 1811 da samun 'yancin Chile a 1818. A wancan zamani jirgin da ya taso daga Turai zuwa yammacin nahiyar Amurka dole ya kewayo ta can ƙarshen kudu, ta mashigin Magellan ko ta Cape Horn, kuma Valparaiso ita ce babbar tashar farko da zai huta bayan wannan baƙar wahala. Fatake daga Ingila, Jamus, Faransa da Italiya suka yi ta sauka. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, alkamar Chile ta nan ta riƙa fita. Jirgin ƙasa ya haɗa garin da Santiyago a 1863. Bayan yaƙin da Chile ta yi da Peru da Bolibiya daga 1879, kuɗin gishirin taki na hamadar arewa ya kwararo cikin bankunan garin. A ƙidayar 1907 jama'a sun haura 160,000. Filin ƙasa, wato El Plan, bai iya ɗaukarsu duka ba. Sai hawa.

Amma ba hawa iri ɗaya kowa ya yi ba, kuma nan ne matakalan suka rabu gida biyu. Attajiran Ingila da Jamus sun zaɓi tuddan da ke kusa da tasha, masu ɗan shimfiɗaɗɗen kai, wato Alegre da Concepcion. Can suka gina gidaje masu lambu da cocinsu. Cocin Anglika na St Paul tun 1858 yake tsaye, na 'yan Luther kuma tun 1897. Hanyoyinsu an shimfiɗa musu dutse da wuri, an sa fitila, an yi musu dandalin shan iska mai kallon teku. 'Yan dako, matuƙan kwale-kwale, masu wanki da guga, leburorin jirgin ƙasa da baƙin da suka baro ƙauye, su kuwa sai gefen kwazazzabai da tuddai masu tsini, inda attajiri ba ya so. Mutum ya sare ɗan wuri a jikin tudu, ya kafa ginshiƙan katako, ya rufe bango da kwano. Maƙwabci ya zo ya kafa nasa a samansa. Hanyar da suke bi zuwa aiki ita ce mafi gajarta, wato miƙe daga ƙofa zuwa gindin tudu. Da rani ƙura, da damina santsi. Sai wani ya sassara ƙasa da fartanya ya yi wurin sa ƙafa, wani ya kawo guntun katako ya tokare, wani ya dasa duwatsu. A hankali turba ta zama matakala. Daga baya, in mutanen unguwa sun matsa ko wani bala'i ya auku, ƙaramar hukuma ta zo ta zuba kankare. Shi ya sa in ka duba taswirar garin, filin ƙasa ne kaɗai ke da tituna a jere. Sama kuwa ba ka ganin hannun mai zane ko kaɗan, sai sawun jama'a.

Yanzu ga batun hanyar mota, wanda lissafi ne tsantsa. Amalanke ko keken doki mai kaya ba ya jure gangaren da ya wuce kusan mita ɗaya na hawa a cikin kowace mita goma ta tafiya, kuma ko wannan dabba na shan wuya. Ke nan in gidanka na mita 50 sama da kasuwa, hanyar keke sai ta kai mita 500, tana lanƙwasa tana komowa, tana cin filin da gidaje da yawa za su zauna. Matakala fa? Magina na da ƙa'ida tsohuwa, wadda wani masanin gini na Faransa, François Blondel, ya rubuta a 1675: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya zo daidai da takun mutum, wato tsakanin santimita 60 da 65. In aka yi mataki mai tsayin santimita 17 da faɗin 29, mita 50 ɗin nan matakai 294 ne, kuma filin da za su ci a kwance bai wuce mita 85 ba, da faɗin da mutum biyu za su gifta juna. Ga talaka mai tafiya da ƙafa, wanda ba shi da doki balle keke, matakala ta ninka hanya sauƙi sau biyar ko shida. Ba rashin wayewa ba ne ya kawo ta. Ita ce amsar da ta dace da ƙasar da aljihun mutanen.

Abin da mai kallon hoto ba ya gani, kuma ni a wurina shi ne zuciyar maganar, shi ne ruwa. A Valparaiso ruwan sama yana zuwa ne a lokacin sanyinsu, daga Mayu zuwa Agusta, kuma yakan sauko da ƙarfi cikin 'yan kwanaki. Duk abin da ya zuba a kan tuddai hanyarsa ɗaya ce, kwazazzabo, kuma sau da yawa nan ne turbar mutane take. Saboda haka matakala a garin nan aiki biyu take yi: hanyar mutum ce, kuma magudanar ruwa ce. Wadda aka gina da hankali za ka ga lambatu a gefenta ko a tsakiyarta, kowane mataki an ɗan karkatar da shi gaba don kada ruwa ya kwanta, kuma akwai bangon da ke riƙe ƙasar gefe. Wadda aka yi da gaggawa, ruwa kan shiga ƙarƙashinta ya kwashe ƙasa, wata rana a wayi gari ta rataye a iska. A gindin tuddai, rafukan da ke ratsa filin ƙasa an rufe su da gini an yi tituna a kansu. Manyan titunan Avenida Argentina da Avenida Francia a kan irin waɗannan rafuka suke kwance. Idan yashi da shara suka toshe su, ambaliya ta tashi a tsakiyar kasuwa. Garin ya ɗanɗana mafi munin wannan a ranar 11 ga Agusta 1888, lokacin da wata madatsar ruwa ta wani mai zaman kansa, Tranque Mena, ta ɓalle a Cerro Florida. Laka da duwatsu suka gangaro ta kwazazzabo har cikin gari, mutane da dama suka rasu. Bayan irin wannan ne hukuma kan farka ta tuna cewa abin da ke faruwa a sama, ƙasa ce ke karɓar sakamakonsa.

Ruwan sha kuwa akasin haka yake, sai an ɗauke shi an hau da shi. Kafin famfo ya kai tuddai, 'yan ga-ruwa ne ke kai shi a ganguna bisa jakuna da alfadarai. An kammala babbar madatsar Peñuelas wajen 1900, amma unguwannin can sama sun daɗe suna jira. Wannan ya bar alama a jikin gini: wasu tsofaffin hanyoyi matakansu gajeru ne masu faɗi sosai, don dabba mai kaya ta iya takawa.

Ka tsaya a tsakiyar ɗaya daga cikin matakalan unguwannin da baƙi ba sa zuwa, ka duba ƙasa da kyau. Matakai goma na farko na dutse ne, bakinsu ya goge ya yi kwarmi a tsakiya saboda takawa. Na gaba kankare ne, kuma tsayinsu bai daidaita ba, wannan santimita 15, wancan ya haura 20, alamar ba birkila ɗaya ya yi su ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Ƙarfen dafawa bututun ruwa ne da wani ya yi wa walda. Ƙofofin gidaje suna buɗewa kai tsaye a kan matakalar, babu wani titi a baya; ita ce adireshinsu, da sunanta da lambobinta. A ɗan wurin hutawa wata dattijuwa ta ajiye jakunkunan cefane biyu tana mai da numfashi. Can ƙasa mai sayar da gas yana kaɗa ƙarfe a jikin tukwane don a san ya iso, kuma duk wanda ya kira shi, tukunyar mai kilo 15 a kafaɗa za ta hau. Haka buhun siminti, haka firji, haka mara lafiya, haka gawa. Duk wanda zai yabi kyan matakalan nan, ya kamata ya fara tuna wannan.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka kawo wa ƙafa ɗauki. A Disambar 1883 aka buɗe na'urar hawa ta farko, wadda mutanen gari ke kira asenso, a Cerro Concepcion, bisa ƙoƙarin Liborio Brieba. Ba lif ba ne irin na cikin bene. Ɗakuna biyu ne na katako a kan layin dogo mai gangare, igiyar ƙarfe ɗaya ta haɗa su, in ɗaya na hawa ɗayan na sauka. Na farkon da nauyin ruwa suke aiki: a cika tankin ɗakin da ke sama, ya yi nauyi ya gangaro, ya jawo na ƙasa, in ya iso a zubar da ruwan. Daga baya aka koma injin tururi da lantarki. Na Cordillera ya biyo baya a shekarun 1880, na Artilleria a 1893, na El Peral da Reina Victoria a farkon shekarun 1900. Na Polanco, na 1915, shi ya fita daban: mutum ya bi ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 150, sannan lif ya ɗaga shi tsaye zuwa wata hasumiya. A lokacin da abin ke tashe sun kai kusan 30.

Sai dai lura da abu biyu. Kamfanoni ne suka gina su don riba, saboda haka inda fasinja ke da yawa kuma ke iya biya nan aka kafa su. Na biyu, hawan farko kawai suke ɗauke wa mutum, 'yan mita goma-goma daga filin ƙasa. Wanda gidansa ke can ƙololuwa, in ya fito daga asenso matakala na jiransa. Kuma kusan kowane asenso akwai matakala a gefensa, don wanda ba shi da kuɗin shiga, da wanda ya dawo bayan an rufe, da ranar da inji ya lalace. Misali mafi bayyana shi ne matakalar Cienfuegos, mai matakai fiye da 150, wadda ta miƙe sambal kusa da asenson Cordillera daga titin Serrano.

Daga nan arziƙin garin ya fara ja da baya. Girgizar ƙasa ta 16 ga Agusta 1906, da gobarar da ta biyo ta, ta kashe mutane fiye da 3,000. Ɓarnar ta fi yawa a unguwar El Almendral da ke filin ƙasa, inda gine-gine ke kan yashi da cikon teku; tuddai masu dutse a ƙarƙashi sun fi jurewa, kuma jama'a da yawa da suka rasa muhalli sama suka nufa. A 1914 aka buɗe mashigin ruwan Panama, jirage suka daina kewayowa ta kudu. Takin zamani da Jamusawa suka iya haɗawa a masana'anta ya karya kasuwar gishirin taki. Masu kuɗi suka koma Viña del Mar da ke maƙwabtaka, kamfanoni suka koma Santiyago. An dai yi hanyar mota inda ƙasa ta yarda: titunan da ke bin bayan kowane tudu zuwa sama, da wata doguwar hanya, Avenida Alemania, da ke kewaya tuddai a tsayin kusan mita 100 tana haɗa su. Bas da tasi suka kwashe fasinjan asenso, kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu, aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Kimanin 16 suka rage a tsaye, ba duka ke aiki ba, kuma a 2012 gwamnati ta sayi goma daga hannun masu su don ta gyara. Matakala kuwa ba ta da inji, ba ta da mai karɓar kuɗi, ba ta rufewa. Talaucin da ya kashe asenso shi ne kuma ya hana a rushe tsofaffin unguwanni a yi sabon gini, shi ya sa matakalan suka kai zamaninmu.

Ba Valparaiso kaɗai ke da irin wannan ba, amma asalin kowace daban. Matakala mai matakai 199 ta Whitby a Ingila hanyar coci da maƙabarta ce. Ta katako ce kafin a mai da ita ta dutse a 1774, kuma wuraren hutawarta sun yi wa masu ɗaukar makara amfani. Ta Jamestown a tsibirin Saint Helena da ke tekun Atlantika, mai matakai 699, ragowar layin jan kaya ne na 1829. Ta Odesa a ƙasar Yukren, da aka gina tsakanin 1837 da 1841, ado ce da masu mulki suka yi wa birni don mai shigowa daga teku ya gani. Waɗannan kowace guda ɗaya ce mai suna. Na Valparaiso ba a kirga su da guda. Su ne jijiyoyin garin.

A 1992 aka buɗe wani gidan tarihi na fili a Cerro Bellavista, zane-zane kusan 20 a bangayen lunguna da matakalai. A 2003 hukumar UNESCO ta sa tsohon sashen birnin cikin kayan tarihin duniya, kuma a shekarar ne aka fara tseren kekuna da ake gangarowa daga tuddai ta kan matakalai har filin ƙasa. Matasa masu zane suka yi wa matakai fenti. Akwai wadda aka mai da ita kamar madannin fiyano a Cerro Concepcion, kuma irin waɗannan ne hotunan da ka gani. Ina murna da wannan, domin ya sa mutanen garin da duniya sun daina kallon matakala a matsayin alamar talauci. Amma abin da ke damuna shi ne, sashen da UNESCO ta amince da shi ƙarami ne, kuma kuɗin gyara da idon baƙi sun fi taruwa a tuddai biyu ko uku, waɗanda dama tun ƙarni na 19 su ne 'yan gata. Fenti ba ya riƙe ƙasa, ba ya kwashe ruwa, ba ya haska wa mace hanya da dare.

Ranar 12 ga Afrilu 2014 wuta ta taso daga dajin da ke bayan gari, iska ta koro ta cikin unguwannin sama, irin su La Cruz, El Litre, Las Cañas da Mariposas. Mutum 15 suka rasu, gidaje kusan 2,900 suka ƙone. Kwazazzaban da ciyawa da shara suka cika sun ja wutar sama da sauri, motocin 'yan kwana-kwana suka kasa shiga lunguna da yawa, ruwa ya yi ƙaranci a can sama, a garin da ya kafa rundunar kashe gobara ta farko a Chile tun 1851. Jama'a da ƙafa suka tsira, ta matakalai. Hatsarin teku kuma ta ɗaya ɓangaren yake: igiyar ruwa ta taɓa mamaye El Almendral bayan girgizar ƙasa ta 1730, kuma a yau umarnin hukuma shi ne in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, kowa ya bar mota ya hau da ƙafa zuwa tsayin mita 30. Ke nan matakala ɗaya ce ke saukar da mutanen sama in wuta ta zo, ta hau da mutanen ƙasa in teku ya taso.

Shi ya sa ban goyi bayan a mai da su tituna ba, ko da kuɗin na nan. Kowace matakala da za a mayar hanyar mota, sai an rushe gidajen da ke gefenta biyu, kuma kwalta a kan gangare ƙara wa ruwa gudu take yi. Abin da unguwannin sama ke buƙata sananne ne ga duk injiniyan da ya yi aiki a irin wannan ƙasa: 'yan hanyoyin mota kaɗan masu faɗin da motar kashe gobara da ta asibiti za su wuce, tankunan ruwa da famfunan kashe wuta a sama, sannan matakalai masu matakai daidai wa daida, da wurin hutawa bayan kowane goma sha biyu zuwa goma sha biyar, da ƙarfen dafawa mai ƙwari, da fitila, da lambatun da ake yashewa kafin watan Mayu. Ga tsofaffi da masu keken guragu, waɗanda matakala komai kyanta ba ta yi musu adalci, maganin shi ne a tayar da asenson da suka tsaya, a kuma ƙara sababbi a tuddan da kamfanonin da can ba su ga riba a cikinsu ba.